Ragamar Kwamfutoci a Hannu Ɗaya: Daga Windows NT Zuwa Nima da Maamobi

A duk ma'aikatar da kwamfutocinta suka yi yawa, akwai ƙa'idojin da ba ma'aikacin da ke zaune gaban na'urar ne ya kafa su ba, kuma ba shi da ikon taɓa su. Kalmar sirri ba za ta gaza haruffa kaza ba. Idan aka tashi aka bar allo na 'yan mintoci sai ya kulle kansa. Ba a saka sabuwar manhaja sai da izini, a wasu wuraren ma ko filash aka soka ba za ta buɗe ba. Sau ɗaya ake rubuta waɗannan ƙa'idoji a kan babbar kwamfutar da ake kira sabar, sauran kwamfutocin kuma su riƙa zuwa suna ɗauka suna zartarwa da kansu. A kan Windows sunan tsarin Group Policy, kuma tun daga shekarar 2000 da shi bankuna, asibitoci, jami'o'i da ofisoshin gwamnati suka fi riƙe ragamar kwamfutocinsu. A unguwannin zango na Accra, irin su Nima da Maamobi, buƙatar tsarin ta riga shi kansa isowa da shekaru, don haka tarihinsa a can ya bi wata hanya dabam da wadda masu ƙirƙirarsa suka shata.

Kafin zuwan ƙananan kwamfutoci babu wannan matsala. A shekarun 1960 da 1970 kamfani na da babbar na'ura ɗaya, irin System/360 da IBM ya fitar a 1964, a kulle cikin ɗaki mai sanyi, ma'aikata kuma na isa gare ta ta allon da ba ya ajiye komai. Wanda ke riƙe da ɗakin shi ke riƙe da komai. A 1981 IBM ya fito da kwamfutar tebur, cikin 'yan shekaru kowane ma'aikaci ya samu tasa, da ma'ajiyarta da saitinta. DOS da Windows na farko ba su bambanta mai na'ura da baƙo ba. Duk wanda ya kunna zai iya goge abin da ya ga dama. Mai kula da kwamfutoci sai ya zama ɗan yawo, daga wannan tebur zuwa wancan da faifai a hannu, yana gyara yau abin da aka ɓata jiya.

An gwada magani iri-iri. Kamfanin Novell, wanda NetWare ɗinsa ya mamaye sadarwar ofisoshi a ƙarshen shekarun 1980, yana da ɗan rubutun umarni da ke gudana duk lokacin da ma'aikaci ya shiga, ya haɗa shi da rumbun fayilolinsa da na'urar buga takardunsa. Sun Microsystems ya yi wa kwamfutocin Unix kundin sunaye na bai ɗaya. A jami'ar MIT ta Amurka, shirin Athena da aka fara a 1983 ya nemi ɗalibi ya zauna gaban kowace kwamfuta a harabar ya tarar da kayansa kamar yadda ya bari, kuma daga nan ne aka samu Kerberos, hanyar tantance mai shiga da Windows ke amfani da ita har yau. A 1993 Mark Burgess ya rubuta CFEngine a Oslo bisa wani tunani da ya yi tasiri ƙwarai: maimakon a lissafa wa na'ura matakan da za ta bi, a gaya mata halin da ake so ta kasance a ciki, ita kuma ta riƙa duba kanta tana gyarawa.

Microsoft ya shigo fagen da Windows NT a 1993, tare da abin da ake kira domen, wato garken kwamfutocin da suka yarda sabar ɗaya ce ke riƙe sunaye da kalmomin sirri. Windows 95 da NT 4.0 na 1996 suka zo da System Policy: mai kula ya rubuta ƙa'idoji a fayil ɗaya ya ajiye a sabar, duk wanda ya shiga sai a kwafe su cikin rajistar kwamfutarsa, inda Windows ke ajiye saitunansa. Tsarin yana da babban aibi. Ƙa'ida in ta shiga rajista ba ta fita ko da an janye ta daga sabar, sai an sake rubuta wata da za ta warware ta. Ma'aikacin da aka canja wa sashe yakan ci gaba da ɗauke da takunkumin tsohon sashensa, ba wanda ya san daga ina suka fito.

Kuɗi ne ya tilasta gyaran. A tsakiyar shekarun 1990 masu nazarin kasuwa, musamman kamfanin Gartner, sun yi ta nuna wa manyan kamfanoni cewa kuɗin sayen kwamfuta kaɗan ne idan aka gwada da abin da ake kashewa wajen kula da ita. Larry Ellison na Oracle ya hau kan wannan magana yana tallar wata na'ura marar ma'ajiya wadda komai nata ke kan sabar. Microsoft ya ga barazanar, a 1996 ya yi alkawarin rage wahalar kula da Windows, alkawarin kuma bai cika sosai ba sai ranar 17 ga Fabrairu 2000, da fitowar Windows 2000 ɗauke da Active Directory da Group Policy.

Active Directory kundin sunaye ne. Kowane ma'aikaci da kowace kwamfuta na da gurbi a ciki, an kasa su rukuni-rukuni yadda ma'aikatar ta ga dama, ko dai bisa sashe, kamar akantoci da masu karɓar kuɗi, ko bisa reshe, kamar Kumasi da Tamale. Ana tattara ƙa'idoji a ƙunshi guda a rataya wa rukuni. Kwamfuta idan ta tashi tana karanta ƙunsoshin bi da bi: nata na kanta da farko, sai na yankin da take, sai na domen baki ɗaya, sannan na rukunonin da aka sa ta, daga babba zuwa ƙarami. In biyu suka yi karo, wanda aka karanta daga ƙarshe shi ke tsayawa. Abin ya yi kama da zaman zango: sarkin zango na da tasa magana, mai unguwa na da tasa, amma a cikin gida ta mai gida ake bi, sai fa in daga sama aka ce wannan dole ce, sa'annan babu mai gidan da ya isa ya ɗage ta.

Abubuwa biyu suka raba sabon tsarin da tsohon. Kwamfuta ba ta jiran a sake shiga. Kowane minti 90, da ƙarin wasu mintoci da ba sa wuce 30 don kada dukkansu su yi wa sabar rubdugu lokaci guda, tana komawa ta tambaya ko an sauya wani abu. Sannan galibin ƙa'idojin a wani keɓaɓɓen gurbi na rajista ake rubuta su, in aka janye su sai su share kansu. Daga baya aka yi ta ƙari. A 2003 aka fitar da manhajar da ta tattara duban ƙunsoshin wuri ɗaya, a 2006 Microsoft ya sayi kamfanin DesktopStandard, kayansa suka shiga Windows Server 2008 da sunan Group Policy Preferences. Saitunan da ake iya juyawa ta wannan hanya sun kai dubbai. Wasu kuma sun zama al'ada ba tare da hujja mai ƙarfi ba. Asalin saitin domen shi ne kalmar sirri ta mutu bayan kwana 42, ma'aikata a duniya suka shekara kusan ashirin suna ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalmarsu ko suna rubuta ta a ƙasan allon rubutu, kafin Microsoft da kansa ya cire shawarar tilasta sauyin daga ƙa'idojin tsaron da yake bai wa kamfanoni a 2019.

Ghana ta samu cikakken haɗi da intanet a watan Agusta 1995 ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor, tana cikin ƙasashen Afirka ta Yamma na farko. Waɗanda suka fara kafa domen a Accra su ne masu kuɗin lasisi da janareta: bankuna, ofisoshin jakadanci, kamfanonin haƙar zinari, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, daga baya kamfanonin waya. Da yawansu rassa ne, ƙa'idojinsu daga hedikwata a London ko Johannesburg suke saukowa. Nima, wadda ta kafu a shekarun 1930 a kan filin da Malam Amadu Futa ya samu daga iyalan Odoi Kwao, tana zaune ne a tsakiyar waɗannan ofisoshi: Ring Road a kudu, Kanda da asibitin sojoji na 37 a gabas, unguwar filin jirgin sama ba nisa. Sai dai kwamfuta ba ta ƙofar ofis ta shigo zango ba. Ta ƙofar kafe ta shigo.

A watan Nuwamba 2001 aka buɗe BusyInternet a Ring Road da kwamfutoci ɗari, dare da rana, amma irin kafen da ya bazu a lungunan Nima, Maamobi da Accra New Town ƙarami ne, ɗaki ɗaya da fanka da 'yan kwamfutocin gwanjo. Jenna Burrell, wadda ta yi bincike a irin waɗannan shaguna har da na Maamobi, ta fitar da littafinta Invisible Users a 2012 kan matasan da ke cika su. Akwai dalilan zuwa da yawa. Zango gari ne na matafiya, kowane gida na da ɗa a Jamus, Italiya, Saudiyya ko unguwar Bronx ta New York. Daga ƙarshen 2003 cacar bizar Amurka ta koma ta intanet kaɗai. A 2005 aka fara rarraba ɗalibai zuwa manyan sakandare ta kwamfuta, duba sakamakon jarrabawa ma ya koma can. Akwai kuma 'yan damfarar da ake kira 'yan sakawa, waɗanda aka liƙa sunansu a kan waɗannan unguwanni fiye da yadda adalci ya yarda.

Mai kafe na fuskantar matsalar da bankin Ring Road ke fuskanta, har ma fiye, domin shi baƙi ne ke zama gaban na'urorinsa, kowace awa da sabon hannu. Wannan ya sauko da wasa, wancan ya sauya hoton allo, wani ya bar manhajar satar kalmomin sirri don na bayansa. Abin da ya samu ya yi amfani da shi. Kwamfutar kan kanta, inda mai jiran shago ke zama, ta zama sabar, ɗauke da manhajar ƙidayar lokaci irin su CyberCafePro ko HandyCafe, wadda ke buɗe na'ura in an shigar da lambar tikiti, ta kulle ta in lokaci ya cika, ta kuma iya ɓoye wasu sassan Windows daga abokin ciniki. Gefe guda akwai Deep Freeze na kamfanin Faronics, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take da safe duk lokacin da aka kashe aka kunna. Microsoft ma ya taɓa bayar da irinta kyauta, SteadyState, ya daina a ƙarshen 2010. Masu gyara da suka ƙware kuma suna buɗe ƙa'idojin cikin gida na Windows XP Professional, su toshe abin da za su toshe a na'ura ɗaya, su kwafe faifanta zuwa sauran da Norton Ghost. Saitunan su ne dai na Group Policy, sai dai da ƙafa ake kai su.

Rashin sani ba shi ne ya hana kafa cikakken domen ba. Tsarin an gina shi ne a kan wasu sharuɗɗa da ba a faɗa. Yana buƙatar lasisin Windows Server da lasisin kowane mai shiga, da dala ake biya, ciniki kuma da sidi ake yi. Windows ɗin gida, irin XP Home, ba ya shiga domen sam. Sabar na son wuta ba yankewa, domin ɗaukewar wuta bagatatan na iya lalata kundin sunayen. A 2015, lokacin da matsalar ɗaukewar wuta da ake kira dumsor ta yi tsanani, an kai ga awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Kerberos ba ya yarda agogon kwamfuta da na sabar su yi saɓanin fiye da minti 5, tsohuwar na'urar da ɗan batirin agogonta ya mutu kuwa duk ɗaukewar wuta sai ta farka a wata tsohuwar shekara, shiga na iya gagara sai an daidaita ta. Hatta Deep Freeze ba ta jituwa da domen sai an yi mata dabara: kwamfuta na sauya kalmar sirrinta ta ɓoye da sabar kowane kwana 30, daskararriyar na'ura kuma ta farka da tsohuwar, sabar ta ce ba ta san ta ba.

Ta wata hanya kuma ƙa'idojin manyan kamfanonin waje sun iso zango tun da wuri, a cikin kwantena. Kwamfutocin gwanjon da ake saukewa a tashar Tema, waɗanda a Accra ake ce wa hom-yus, galibi tsoffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne. Wasu sukan iso ba a goge su ba, a kunna su tarar da sunan domen wani kamfani ko wata makaranta, da gargaɗin cewa na'urar ta ma'aikata ce. Aikin farko na mai gyara a Nima ko a Tiptoe Lane da ke Circle shi ne ya wanke faifan ya zuba sabon Windows. Abin da ke kan faifan wani lokaci ya wuce gargaɗi. A 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada, suna haɗa fim kan sharar lantarki, sun sayi faifai a Ghana kan dala 40 suka tarar da takardun kwangilolin gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a ciki. Sakaya faifai ta yadda ba mai karanta shi sai da mabuɗi, wanda BitLocker ya kawo tare da Windows Vista, na cikin abubuwan da kamfanoni suka koma tilastawa ta Group Policy saboda irin wannan.

Filash ce ta nuna amfanin ƙa'ida ɗaya tak. Windows XP na iya gudanar da umarnin da ya tarar a wani ɗan fayil a kan abin da aka soka masa, masu rubuta manhajar ɓarna kuma suka mayar da wannan hanyar yaɗuwa. Conficker, wadda ta ɓulla a Nuwamba 2008, na cikin waɗanda suka bi ta nan. A garin da takarda ke tafiya daga kafe zuwa shagon buga takardu zuwa ofishin makaranta a aljihun mutum, cutar ba ta buƙatar intanet. Ma'aikatar da ke da domen na iya kashe wannan hali a dukkan kwamfutocinta da saiti ɗaya kafin azahar. Wadda ba ta da shi sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai ta ƙarshe ta farko ta sake kamuwa. Sai a Windows 7 na 2009, da gyaran da aka tura wa XP da Vista a Fabrairu 2011, Microsoft ya rufe ƙofar ga kowa.

Ɓangaren gwamnati ya zo a hankali, ta hanyar dokoki. An fitar da manufar ICT4AD a 2003, shekarar da aka buɗe cibiyar horon kwamfuta ta Kofi Annan da Indiya ta taimaka aka gina a Accra. Doka mai lamba 771 ta 2008 ta kafa hukumar NITA don tsara harkar kwamfuta a ma'aikatun gwamnati. Dokar kare bayanan mutane mai lamba 843 ta 2012 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a, ko asibiti ne ko makaranta, nauyin yin rajista da tsare su. A Oktoba 2018 Babban Bankin Ghana ya fitar da umarnin tsaron sadarwa ga bankuna, a 2020 kuma aka yi dokar tsaron intanet mai lamba 1038 wadda ta haifi hukumar da ta fara aiki a 2021. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da aka yi don wata manhaja ta musamman, amma mai binciken da ya zo ya tambayi wa ke da izinin shiga wane fayil, kuma yaushe aka rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, ba a iya ba shi amsa sai da kundi ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Reshen banki a kan titin Nima yana ƙarƙashin wannan tsari dare da rana. Mai karɓar kuɗi ba ta iya sauya ko agogon allonta.

A 2018 aka yanke Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, da Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, suka zama ƙananan hukumomi masu cin gashin kansu, kowace da ofisoshinta da kwamfutocinta. Makarantu sun riga su: garambawul ɗin ilimi na 2007 ya sa kwamfuta cikin darussan dole, har da makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987. Asusun Raya Zango, wanda dokar 2017 ta kafa, da ƙungiyoyi irin su Soronko ta Regina Honu, wadda ta koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja, duk sun sa hannu a horon matasa. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan bikin miƙa kaya. Ɗakin kwamfutar da aka ba makaranta kyauta ba ya zuwa da albashin mai kula da shi, malamin darasin shi ne mai gyara, kuma ɗakin da kowane yaro ke shiga da cikakken iko ba ya daɗewa da lafiya. Mai ba da kyauta ya fi son ƙirga na'urori, domin su ne ke fitowa a hoto.

Labarin da ya fi fito da sunan Ghana a wannan fage ya faru ne a 2017. Ranar 27 ga Yuni manhajar ɓarna ta NotPetya, wadda aka cusa cikin wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, ta shiga sadarwar Maersk, babban kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Denmark. Kamfanin na da sabar kundin sunaye kusan 150 a faɗin duniya, kowace na kwafe 'yar'uwarta, an ɗauka wannan ya isa kariya. Ba a yi tunanin ranar da za a goge su duka a lokaci guda ba. Bisa rahoton da Andy Greenberg ya buga a mujallar Wired a 2018, kwafi ɗaya ne ya tsira, a ofishin kamfanin na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, sabar tana kashe. Layin intanet bai isa a tura bayanan cikin lokaci ba, ma'aikatan kuma ba su da bizar Ingila, sai wani ya ɗauki faifan zuwa Najeriya ya miƙa wa wani da ya wuce da shi London, daga nan zuwa Maidenhead inda ake aikin farfaɗowa. Wasu jami'an kamfanin daga baya Legas suka ambata a matsayin inda kwafin ya tsira, amma sun tabbatar da batun ɗaukewar wutar. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Davos a Janairu 2018 cewa sun sake ɗora sabar 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300.

Tattara iko wuri ɗaya na da wannan farashi, kuma ɓarayi sun gane. Shekaru da dama masu kula da domen suna rarraba kalmar sirrin babban asusu ta Group Policy Preferences, a sakaye da mabuɗin da Microsoft da kansa ya buga a takardunsa na jama'a, a cikin rumbun da kowane ma'aikaci ke iya karantawa. Sai a Mayu 2014 aka toshe hanyar. A 2021 aka ga manhajar garkuwa da bayanai ta LockBit na ƙirƙirar ƙunshin ƙa'idojinta da kanta da zarar ta kama sabar, ta kashe kariyar kwamfutocin domen, ta aika musu da kanta ta hanyar da suka saba karɓar umarni ba tambaya.

A daidai wannan lokaci kuma kwamfutoci suka bar ofis. Group Policy na buƙatar na'ura ta riƙa ganin sabar, abin da ba ya yiwuwa ga laftof ɗin da ke yawo ko wayar hannu. Apple ya sa hanyar juya wayoyi daga nesa a 2010, Microsoft ya fito da Intune a 2011, shekarar da Chromebook na Google ya fito da nasa shafin kulawa. A sabon salon sabar na can a cibiyoyin kamfanin da ke sayar da tsarin, ma'aikata na biyan kuɗin wata bisa kan mutum, ƙa'idoji kuma na iske na'ura duk inda ta samu intanet. Kullen korona da aka sa wa Accra a ƙarshen Maris 2020 ya hanzarta sauyin, a shekarar ne gwamnati ta faɗaɗa dandalin Smart Workplace da aka gina kan manhajojin Microsoft don ma'aikatanta. Ga ƙaramin asibiti ko makaranta a Maamobi wannan ya kawar da ɗakin sabar da batirinsa, ya musanya su da biyan dala da dogaro ga igiyoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tare, Ghana ta yi kwanaki intanet na tafiyar hawainiya. Na'urori sun ci gaba da bin ƙa'idojin da suka riga suka karɓa, amma tura sabuwa ko rufe asusun wani ya yi wuya. A watan ne kuma gwamnati ta ƙaddamar da shirin raba wa ɗaliban manyan sakandare allunan karatu miliyan 1.3, adadin da ba a iya kula da shi ta hanyar bi ɗaya-ɗaya.

Da yawa daga cikin mutanen zango da ke ƙarƙashin irin wannan iko a yau ba ma'aikatan ofis ba ne. Kamfanonin da ke sayar da waya bashi, irin su M-KOPA da ke aiki a Ghana, suna amfani da fasaha iri ɗaya da wadda banki ke juya wayoyin ma'aikatansa da ita: mai sayar da waakye ko ɗan okada na biya kullum ta kuɗin waya, in biya ya tsaya umarni ya fito daga sabar wayar ta kulle, in ya biya ta buɗe. Masu gyara kuma sun tarar wanke faifai ya daina wadatarwa. Tun da Apple ya fara rajistar na'urori da sunan kamfanoni a 2014, Microsoft kuma ya kawo Autopilot a 2017, lambar jikin na'urar ce ke rubuce a sabar. Laftof ɗin gwanjo na iya karɓar sabon Windows lafiya lau, da ya taɓa intanet sai ya nemi a shiga da asusun kamfanin da ya sayar da shi tun bara, Chromebook kuma ya ce wata makaranta a Amurka ce ke juya shi. Tsohon mai shi ne kaɗai ke iya cire shi daga rajista ta hanyar da ta dace, shi ya sa dillalan da suka san hannunsu ke haɗa na'ura da intanet su gwada kafin su biya. Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar na'urar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, don haka kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallama saboda wannan dalili su ne ke shiga kasuwar gwanjo, wasunsu da rajistar tsoffin ma'aikatunsu ba a cire ba.